Finafinan Camama da Masu Kallonsu a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk wanda ya saba halartar tarurruka irin wannan ya san cewa in aka zo maganar fim ɗin Hausa, hankalin manazarta yakan tafi ne wuri biyu. Ko dai a ɗauko manyan finafinai na farko, irin su Shehu Umar wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, a yaba musu, ko kuwa a ɗauko finafinan soyayya na bidiyo a yi ta auna yawan abin da suka aro daga Indiya. Akwai kashi na uku wanda aka bari a bayan ƙofa, watau finafinan barkwanci masu arha waɗanda 'yan sana'ar da kansu suka laƙaba wa suna camama. Malami ba ya son a gan shi yana kallonsu, ɗalibi kuma yana jin nauyin ya ce a kansu zai rubuta kundinsa. Amma fa su ne mutanen karkara suka fi haddacewa, su ne kuma maganganunsu suka fi saurin shiga bakin yara a kan titi.

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bayyana abin da ya sa irin waɗannan finafinai suke da farin jini, da kuma abin da muke ganin shi ne amfaninsu, muna masu ɗaukar ƙasar Daura a matsayin wurin da za mu tsaya mu duba masu kallo. Ra'ayinmu shi ne, yawancin abin da ke da daraja a cikin camama, arhar nan da ake raina ta ce ta haife shi. Hausawa sun ce arha ba ta ado. Gaskiya ne, amma ba ado kaɗai ake nema a wasa ba.

Irinsu a wasu ƙasashe

Kafin mu shiga gida, ya kamata mu san cewa ba a ƙasar Hausa aka fara wannan abu ba. Tun da daɗewa, a Amurka akwai wasu masu shirya fim da ke zaune a gefen manyan kamfanoni, ba su da kuɗin ɗaukar mashahuran 'yan wasa, ba su da kuɗin talla. Dabararsu ita ce su dubi abin da jama'a ke magana a kai, ko abin da suke tsoro, ko abin da manyan kamfanoni ke jin kunyar taɓawa, su yi wuf su shirya fim a kansa kafin yayinsa ya wuce. Sunan da Turawa suka ba wannan sana'a yana nufin cin gajiyar abu, mu kuwa muna iya kiransu finafinan cin kasuwar yayi. Mafi shahara a cikin masu wannan hanya shi ne Roger Corman, wanda ya rasu a 2024. A 1960 ya ɗauki mafi yawan fim ɗinsa The Little Shop of Horrors cikin kwana biyu kacal. A 1968 kuma George Romero ya fitar da Night of the Living Dead a kan kuɗin da bai wuce dala 114,000 ba, ya sa baƙar fata a matsayin jarumi a lokacin da ƙasar ke cikin rikicin launin fata. Yau wannan fim yana cikin waɗanda ake koyarwa a jami'o'i. Haka nan bayan mutuwar Bruce Lee a 1973, sai masu fim a Hong Kong da Taiwan suka shiga neman samari masu kama da shi, suna raɗa musu sunaye irin su Bruce Li da Bruce Le, domin a ci gaba da cin kasuwar mamacin. Da yawa daga cikin finafinan Canis da suka cika gidajen silima na Arewa a wancan zamani daga wannan tukunya aka kwaso su.

Abin lura a nan shi ne, wasu daga cikin waɗannan finafinai ba su mutu tare da yayinsu ba. Sun sami 'yan ga-ni-kashe-ni, mutanen da za su kalli fim ɗaya sau ashirin, su haddace zancensa, su san wurin da aka yi kuskure, su ƙaunaci kuskuren ma. Wannan ƙauna ta dabam ce da wadda ake yi wa fim don ya ƙayatar, ta fi kama da wadda ake yi wa tsohon abokin wasa wanda aka san duk aibinsa.

Yadda ɗan kallo ya samu a ƙasar Daura

Masarautar Daura a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, tana kuma bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya bi ta Kwangwalam zai faɗa hanyar Matamaye da Damagaram, kasuwar Mai'aduwa kuwa mahaɗa ce ta fatake daga ɓangarorin biyu. Wannan zama na bakin iyaka yana da muhimmanci ga zancenmu, gama fim ɗin da aka yi a Kano, in ya iso nan, bai iso ƙarshen tafiyarsa ba. Kaset ɗin da 'yan kasuwa suka saro a Ƙofar Wambai yakan biyo hanyar Kazaure ya sauka Daura, daga nan ya ƙetara wurin Hausawan da karatun bokonsu da Faransanci aka yi shi, waɗanda ba abin da ya haɗa su da ɗan wasan Kano sai harshe.

Kallon hoto mai motsi ya fara shiga garuruwan Arewa ne ta hanyar majigi, motar gwamnati da kan kafa farin ƙyalle a fili, galibi a ƙofar fada, a nuna wa jama'a tsafta da noma da aikin hukuma. Manyan mutane har yanzu suna tuna Baban Larai. Majigi malami ne, wa'azi yake yi. Gidajen silima kuwa, irin su Rex da Palace da Plaza na Kano, na birni ne, kuma mutumin kirki ba ya son a gan shi a bakinsu. A can ne samari suka san finafinan Indiya da na Canis, har suka raɗa wa 'yan wasan sunayen Hausa, kamar yadda Brian Larkin ya kawo a nazarinsa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Wannan raɗin suna shi ne alamar farko ta cewa ɗan kallon Hausa ba ya zama shiru a gaban fim. Yakan mai da shi nasa.

Bidiyo ce ta kai kallo ƙauye. Da akwatin talbijin ɗaya da janareta da 'yan bencina, sai ga gidan kallo a zaure ko a rumfar kara, an rubuta sunan fim da alli a jikin allo a bakin ƙofa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin Hausa na bidiyo na farko da aka kai kasuwa. Kafin shekara goma sana'ar ta bunƙasa har ta sami mujallu nata, irin su Fim da aka fara bugawa a 1999, ta kuma rabu gida biyu. Gida ɗaya na soyayya da rawa da waƙa, wanda Sangaya na 1999 ya zama tutarsa. Ɗaya gidan shi ne camama.

Ɗan Ibro da sana'ar gaggawa

Ba a maganar camama a bar Rabilu Musa, wanda duniya ta sani da Ɗan Ibro. An haife shi a 1971, ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasa gaba ɗaya, ya rasu a watan Disamba na 2014. Shi da abokan wasansa suka kafa wani tsari wanda da wuya a sami mai sauƙin kuɗi kamarsa. Kyamara ɗaya, ƙauye ɗaya a kusa da Kano, tufafin da ake da su a gida, labari kuma ɗan guntu wanda mai shiri zai faɗa da baki, kowane ɗan wasa ya cike sauran da abin da ya zo masa. Sunan fim ɗin ma ba ya bukatar tunani: a sa Ibro a gaba, a sa abin da ake yayi a baya. Da waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango suka cika gari, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka, lokacin da hotunan Usama bin Ladan suka cika bayan motoci a Arewa, sai ga Ibro Usama a 2002. Da aka shiga yaƙin Iraƙi, sai ga Ibro Saddam. Wannan ita ce dabarar Corman sak, ko da yake ba wanda ya koya wa wani. Yunwa ɗaya ce ta koyar da su duka biyu.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, mene ne mutumin Sandamu ko na Baure yake samu a cikin wannan, wanda ba ya samu a fim ɗin soyayya?

Abu na farko, yana ganin kansa. Fim ɗin soyayya gidan bene ne da kujerun alfarma da mota mai sheƙi, yaro da yarinya suna rawa a lambun da manomi bai taɓa shiga ba. Camama kuwa, saboda babu kuɗin hayar gidan Alhaji, a soron ƙasa ake yin ta, da rumbu da turmi da jaki da akuya tana ratsawa ta gaban kyamara. Talauci ne ya tilasta haka, amma abin da ya fito shi ne hoton ƙauyen Hausa na shekarun 1990 da 2000, wanda ba wani fim mai tsada da ya adana irinsa. Mai nazarin gine-gine ko sutura ko kayan aikin gida zai sami abin da yake nema a bayan Ibro, a wurin da mai kyamara bai ma lura ba.

Abu na biyu shi ne harshe, kuma a nan ne muke son mu daɗe kaɗan. Da yake ba a rubuta zancen ba, Hausar camama Hausar baki ce, da habaicinta da zambonta da gatsenta da baƙar maganarta. Ɗan wasa ba ya tsayawa ya tuna layi, martani yake mayarwa, kamar yadda ake yi a majalisa ko a bakin kasuwa. Wannan fasaha tana da asali. Tun kafin a san kyamara, ƙasar Hausa tana da 'yan kama, masu kwaikwayon malami da almajiransa suna juya karatu ya koma zancen tuwo da miya. Tana da 'yan gambara masu jifa da magana. Tana da tashe na watan azumi, inda yara kan sa gemun auduga su kwaikwayi tsoho, ko mai rowa, ko gwauro, a gaban mutanen da ake kwaikwaya ɗin. Tana kuma da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da garuruwa da masu sana'a, wanda ya halatta wa mutum ya faɗa wa abokin wasansa abin da ba zai faɗa wa wani ba. Daga nan abin ya bi ta rediyo da talbijin, ta hannun su Usman Baba Pategi mai Samanja, da Ƙasimu Yero, da Umaru Ɗanjuma Katsina wanda aka sani da Kasagi. Saboda haka in ana neman fim ɗin Hausa wanda jijiyarsa ke cikin ƙasar nan, ba a Bombay ba, to camama ta fi 'yar'uwarta ta soyayya haƙƙin wannan suna. Abin mamaki ne a ce wadda ta fi kusa da gargajiya ita ce masu kishin gargajiya suka fi kau da kai daga gare ta.

Abu na uku, camama tana da bakin faɗa. Fim ɗin da aka kashe masa kuɗi mai yawa matsoraci ne, domin mai shi ba ya son ya ɓata wa kowa rai. Wanda aka yi da kuɗi kaɗan cikin kwana kaɗan ba shi da abin asara sosai, don haka yana iya sa ɗan sanda mai karɓar na goro, da boka maƙaryaci, da mai unguwa mai haɗama, da ɗan siyasa mai alkawarin ƙarya, jama'a su yi musu dariya. Ibro kansa yawanci Gizo ne a rigar mutum: matalauci, makwaɗaici, mai wayon da kan ƙare a kansa. Yaron da ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan hali. Kuma bakin nan ba kyauta ya zo ba. Ibro Usama ya jawo fushin wasu malamai da 'yan Hisba a Kano, waɗanda suka ga an mai da abin girmamawa abin dariya. A 2008 kuma kotun tafi-da-gidanka mai hukunta laifuffukan da suka shafi Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, hukumar da aka kafa a 2001, ta yanke wa Ɗan Ibro ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan hukunci, ya dai nuna cewa masu iko ba su ɗauki camama abin banza ba, ko da malaman jami'a sun ɗauke ta haka.

Game da ƙarancin gwaninta

Masu suka sukan ce, ai ana ganin igiyar makirfo, ana jin ƙarar janareta, bindigar ma ta katako ce. Duk haka ne. Sai dai ya kamata mu tuna irin tarbiyyar da mai kallon ya samu. A ƙasar da kowane yaro ya san labarin baƙon da ya zo da dare ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ba a taɓa neman mai ba da labari ya kawo macijin a gani ba. Baki ne ke zana shi, zuciya ta cike sauran. Ɗan kallon gidan kallo ya san bindigar katako ce, mai riƙe da ita ya san ya sani, dariyar kuwa a tsakanin sanin nan biyu take. Wani lokaci ma rashin kayan aiki kan kai mai fim ga ƙarfin hali mai ban mamaki. A 2003 aka yi Masoyiyata, wanda ya mai da labarin Titanic na Hausa, ya yanko hotunan jirgin daga fim ɗin asali ya haɗa da nasa. Matthias Krings ya yi nazarinsa. Bari mu ɗan ratse mu ce James Cameron, mai Titanic ɗin asali, a kamfanin Corman ya koyi aiki, wurin haɗa jiragen sama na ƙarya da tarkace. Ashe dai gidan arha makaranta ce, a can da nan. Da yawa daga masu riƙe kyamara da masu tace hoto a Kano a irin waɗannan ƙananan ayyuka hannunsu ya faɗa.

Ba mu ce camama ba ta da aibi ba. Tana da shi, kuma ba ƙarami ba. Sau da yawa dariyarta a kan Bagwari ko Bafillace ko Ba'ibo take, ta hanyar da ta wuce iyakar wasan barkwanci ta shiga raini. Takan mai da gurgu da kurma da mai in'ina abin nishaɗi. Mace a cikinta ko mafaɗaciya ce ko abin kwaɗayi. Kuma gaggawar da ta ba ta rai ita ce ta sa aka yi ɗaruruwa waɗanda ba abin da ke cikinsu sai ihu da guje-guje. Wanda zai yi nazarinta da gaskiya tilas ya zauna ya kalli goma kafin ya sami ɗaya mai kyau. Amma haka waƙar baka take, haka littattafan kasuwar Kano suke, ba mu kuwa ce a daina nazarinsu ba.

Abin da ke salwanta

Kasuwar da ta ɗauki camama ta rushe. Kaset ya ba faifan sidi wuri, satar fasaha ta cinye ribar sidi, sa'an nan waya ta cinye sidi ɗin kansa. Yau a Daura, kamar sauran garuruwa, saurayi yakan kai wayarsa ko ɗan katinsa wurin masu tura finafinai a cika masa. Abin da ya fi samu a can shi ne finafinan faɗa na kudancin Indiya waɗanda kamfanoni irin su Algaita suka juya zuwa Hausa, da gajerun wasannin barkwanci na YouTube da TikTok. In aka saurara da kyau za a ji cewa ruhun camama ya koma cikin bakin masu fassarar nan, waɗanda kan sa wa jarumin Indiya karin magana da baƙar magana irin ta 'yan tasha. Sana'ar ba ta mutu ba, riga ta sake.

Finafinan da kansu ne ke mutuwa. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura irin na ƙasarmu, faifan sidi mai arha kuwa yakan ɓare cikin 'yan shekaru, masu shiryawa da yawa kuma ba su ajiye uwar kaset ba, domin ba su taɓa zaton wani zai nema ba. Wannan ba a nan kaɗai ya faru ba. Nabwana na Yuganda, wanda fim ɗinsa Who Killed Captain Alex? na 2010 ya sami masoya a duniya duk da cewa kuɗinsa bai kai dala 200 ba, goge asalin fim ɗin ya yi daga kwamfutarsa don ya sami wurin aiki na gaba, sai kwafi marar kyau ya rage. Shehu Umar ya yi sa'a: an gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Jos, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Shi yana da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa a bayansa. Ibro Awilo ba shi da kowa.

Taron da aka yi a Kano a 2003 kan finafinan bidiyo na Hausa, wanda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tattara takardunsa, ya buɗe wa wannan fage ƙofar jami'a. Abin da ya rage aikin ƙafa ne, kuma garuruwa irin su Daura sun fi Kano dacewa da shi, domin a bakin iyaka kaya kan daɗe bayan an daina yayinsu a birni. Tsofaffin masu ba da hayar kaset da masu gidajen kallo na Daura da Zango da Mai'aduwa, da takwarorinsu na Magarya da Matamaye, su ne za a fara tambaya ko akwai sauran buhu a ƙarƙashin gado. Ɗaliban Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura za su iya wannan aiki a hutu ɗaya: a sayi abin da aka samu, a juye shi a kwamfuta, a rubuta sunan fim da shekararsa da 'yan wasansa daga jikin kwali kafin kwalin ya yage, a kuma zauna da mai gidan kallon da na'urar ɗaukar magana a tambaye shi wane fim ne jama'a suka fi cewa a maimaita, da wurin da suka fi yin dariya.